Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Hanyar Hawan Keke Don Shan Iska a Kano da Maƙwabtanta

Keke daɗaɗɗen abin hawa ne a ƙasar Hausa. Shekaru masu yawa shi ne dokin malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye da manomin da ke sammakon zuwa gona, har an yi zamanin da mallakar Raleigh ke nuna cewa mutum ya kai wani matsayi a cikin tsaransa. Abin da bai daɗe da yaɗuwa ba shi ne mutum ya hau keke ba tare da wata buƙata a gabansa ba, sai dai motsa jini da shan iska. Masu fara wannan sukan haɗu da matsala guda tun makon farko: keken yana hannu, amma kowace hanyar da suka sani cike take da tirela da a-daidaita-sahu. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi yi a kan haka.

Wace hanya ce ta cancanci a kira ta mai kyau?

Hanyar da za ta bar mahayi ya ɗaga kansa ya kalli gari, maimakon ya ƙare tafiyarsa yana waiwayen motar da ke bayansa. Bayan wannan sai a duba ƙasarta, ko taya za ta kama ko za ta nutse, sannan a duba ko akwai mutane a kanta daidai gwargwado, domin hanyar da ta cika cunkoso tana gajiyar da mutum, wadda kuma babu kowa a kanta tana da nata haɗarin. A ganina kusanci da gida ya fi duk waɗannan muhimmanci. Turbar da mutum zai iya kaiwa cikin minti 15 daga ƙofar gidansa zai hau ta sau uku a mako, amma wadda sai an ɗora keke a mota an yi tafiyar awa biyu, da wuya ya ziyarce ta fiye da sau biyu a shekara, komai kyanta.

Daga ina ya kamata a fara nema?

Daga bakin mutanen da ƙafarsu ke kan hanyar kullum. Mai facin keke na bakin gari shi ne na farko, domin kekunan da ake kawo masa suna gaya masa halin kowace turba: ya san wadda ke cin taya da ƙaya, ya san wadda ke karya wayoyin ƙafa saboda gargada. Sai masu shigo da itace ko ganye ko madara daga ƙauyuka da sassafe, waɗanda da yawansu har yanzu keke suke hawa, kuma sun daɗe da gano yadda ake kauce wa babban titi. 'Yan acaɓan ƙauye su ma sun san hanyoyi, amma a karɓi maganarsu da gyara, saboda yashin da babur ke ratsawa da ƙarfin inji yana iya sa mai keke ya sauka ya yi ta turi.

Yadda ake tambayar ma yana da tasiri. Idan aka ce wa mutum ana neman wurin shaƙatawa da keke, zai iya yin shiru ko ya nuna filin wasa. Gara a ambaci sunan wani ƙauye a ce, "Baba, in mutum zai je can da keke, ba ya son bin kwalta, ta ina zai bi?" Nan take za a ji an fara lissafo rimi da makarantar firamare da gadar da ruwa ya cinye bara. A kuma tambayi mutum biyu ko uku dabam-dabam, domin "nan kusa ne" a bakin wanda ya saba tafiyar ƙasa yana iya zama kilomita 12.

To taswirar waya fa, ba ta wadatar ba?

Tana da amfani sosai, sai dai ba ta zama hujja ita kaɗai. Google Maps an gina shi ne don ya kai mutum inda za shi cikin sauri, don haka yakan zaɓi manyan tituna, waɗanda su ne mai hawa don nishaɗi ke gudu. Amfaninsa na gaskiya yana cikin hoton tauraron ɗan'adam, inda ake ganin siraran layuka masu haske suna ratsa gonaki daga wannan ƙauye zuwa wancan. Layi ja-ja yawanci burji ne ko marmara, fari fat mai faɗi kuwa sau da yawa yashi ne ko busasshen rafi. A tuna cewa hoton na iya zama tsoho, an kuma iya ɗaukarsa da rani, ta yadda turbar da ta fito sarai a waya a watan Agusta tana ƙarƙashin ruwa ko an yi kunya an shuka gero a kanta.

Akwai manhajojin da suka dogara da taswirar OpenStreetMap, irin su OsmAnd da Organic Maps da Komoot, kuma ana iya sauke taswirar yanki gaba ɗaya a cikin waya domin ta yi aiki ko babu sabis. Manhajar motsa jiki ta Strava tana da taswirar da ke haskaka hanyoyin da masu keke da masu gudu suka fi bi, wadda ke da amfani a inda masu amfani da ita ke da yawa, a inda suke ƙalilan kuwa takan fito kusan fayau. Wannan taswirar ce a farkon 2018 aka gano tana fallasa fasalin wasu sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Darasin ga mai keke a nan gida shi ne ya shiga saitin manhajar ya ɓoye farko da ƙarshen tafiyarsa, kada ya riƙa wallafa wa duniya ƙofar gidansa da lokacin da yake fita kowace safiya.

Yaya ake gane ƙasar da keke zai iya bi?

Ana sauka a duba sawu. Idan aka ga sawun tayar keke siriri ya miƙe ba tare da ya yi zurfi ba, ƙasar tana da tauri. Idan sawun yana lanƙwashe-lanƙwashe kamar tafiyar maciji, kuma ga sawun takalmi a gefensa, to wanda ya wuce ya sha wuya har ya sauka ya tura, kuma haka za ta faru da na bayansa. Ƙasar jigawa, wato mai yashi, tana da daɗin hawa bayan an yi yayyafi, lokacin da yashin ya kama jikinsa, amma a tsakiyar rani takan zama wahala zalla. Fadama akasin haka take: da rani ƙasarta ta bushe ta tsattsage, ana wucewa da ɗan girgiza, da damina kuwa lakarta na liƙe wa taya har ƙafa ta daina juyawa. Burji shi ne ya fi jure kowane yanayi, in ban da wuraren da manyan motocin ɗibar yashi suka mayar da shi tamkar allon wanki.

Waɗanne wurare ne za a iya gwadawa a Kano?

A cikin gari, lokaci ya fi wuri muhimmanci. Titunan Nassarawa masu inuwa da kewayen Filin Sukuwa suna da sauƙin hawa daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai, kafin masu kai yara makaranta da ma'aikata su fito, Asabar da Lahadi kuma sun fi sauƙi. Haka nan ana iya zagaya gefen badala ta wajen Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Kabuga, ko a kutsa lungunan cikin birni zuwa gindin Dala da Goron Dutse, muddin an rage gudu saboda yara da tumaki da kwatoci. Abin da bai dace ba shi ne hawa kan ragowar ganuwar kanta. Gini ne na ƙasa da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun riga sun ci rabonsu a jikinta, ba ta buƙatar ƙarin taya. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo yana da faffaɗan tituna da fili, amma harabar makaranta ce mai masu gadi da ƙa'idojinta, don haka wanda ba ɗalibi ko ma'aikaci ba ya nemi izini a ƙofa tukuna.

Wurin da na fi ba da shawara ga mai son ainihin turbar karkara shi ne yankin noman rani na Kadawa, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan yana fitowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma a gefen manyan magudanan da mutanen wurin ke kira kanal akwai hanyoyin da aka yi domin masu kula da ruwa da manoma. Dalilin da ya sa suka dace da keke a fili yake: ruwan kanal yana gangara ne a hankali, saboda haka hanyar da ke bin sa ba ta da hawa mai tsanani, kuma da wuya mutum ya ɓata tunda ruwan da kansa ke nuna masa hanyar komawa. A watan Janairu ana tafiya tsakanin koren alkama da tumatir da albasa alhali sauran ƙasar duk ta bushe, balbelu na bin masu ban ruwa, ga mutane a gonaki ko'ina idan wata matsala ta taso. Sai dai abu biyu. Kada a hau keke a kan babban titin Kano zuwa Zariya don isa can, a ɗora shi a mota har Kura ko Kadawa. Kuma komai zafin rana kada a yi wanka ko a tsoma ƙafa a ruwan kanal, domin irin wannan ruwa mai tafiya a hankali shi ne matattarar dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Akwai kuma kewayen madatsar Watari a Ɓagwai, da ta Thomas a wajen Dambatta, da ta Challawa a Ƙaraye, duk da turbobin masunta da manoma. Madatsar Wasai ta Minjibir ta fi kusa da birni, amma kogin Jakara da ke zuba a cikinta yana ɗauke da ƙazantar gari, don haka ta kallo ce kawai daga nesa.

Wanda ke Zariya ko Jos ko Abuja fa?

A Zariya akwai titunan harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da gefen madatsar Kubanni, sai turbobin da ke kewaye dutsen Kufena. Jos ita ce aljannar mai son hawa da gangara, domin garin yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800, ga sanyin da ke barin mutum ya yi tafiya mai tsawo. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ya shirya wa haki a ranar farko, ya kuma tabbatar birkinsa na kamawa kafin ya fuskanci gangara. Tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru suna da kyan gani, amma suna da zurfi kuma gaɓarsu na zaftarewa. A Abuja mutane sukan zagaya tafkin Jabi da titunan Maitama da Asokoro da safiyar ƙarshen mako, masu neman tudu kuma sukan nufi wajen madatsar Usuma da Ushafa, yankin da ya kamata a yi tambaya sosai kafin a shiga, tunda an sha samun satar mutane a ƙasar Bwari.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Kaka, wato daga Oktoba zuwa cikin Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama sakin jikinta ba, zafi kuma ya ragu. Hunturu ma yana da daɗi idan ba a tashi da hazo mai kauri ba, wanda ke hana direba hango mai keke, yana kuma tayar da asma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai fita daga Kano zai ji daɗi idan ya fara nufar wajen Gezawa ko Minjibir yana da sauran ƙarfinsa, ya dawo iska na tura shi ta baya. Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, don haka duk tafiyar da ba ta ƙare kafin ƙarfe tara na safe ba ta zama ganganci. Da damina a riƙa duban gabas, domin daga can hadari ke tasowa, kuma kada a tsallaka rafin da ke gudu bayan ruwan sama ko da bai kai gwiwa ba.

A lura da ranakun kasuwa. Hanyar da ke shiru ranar Alhamis takan cika da motocin shanu ranar Juma'a idan ta nufi Wudil, haka ma ta Dambatta ranar Lahadi. Wasu garuruwan sun sauƙaƙa wa baƙo, sunansu ma ya faɗi ranar, kamar Larabar Abasawa da Ladin Makole.

Yaya batun tsaro?

Wannan ita ce tambayar da babu manhajar da za ta amsa. Labarin tsaro yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma wanda ya fi saninsa shi ne mazaunin wurin, don haka hanyar da aka bi lafiya watanni uku da suka wuce sai an sake tambaya a kanta kafin a koma. Manyan dazuzzuka irin su Falgore da Rugu da Kamuku da na Birnin Gwari ba wuraren yawon keke ba ne a halin da ake ciki, komai kyan da suka yi a hoton tauraron ɗan'adam. Alamar da ake dubawa a kan turba ita ce rayuwar yau da kullum: mata na zuwa rijiya, yara na kiwo, manoma na aiki a gonakin da ke nesa da gari. Inda aka ga gonaki sun koma saura ba dalili, ko ƙauye ya yi tsit da hantsi, a juya.

Sabuwar hanya ba a gwada ta mutum ɗaya. A fita aƙalla mutum biyu ko uku, a gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa, a kuma dawo kafin la'asar sakaliya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122, amma a yawancin turbobin karkara lambar wani mutumin ƙauyen da aka saba da shi ta fi saurin kawo ɗauki. A kan kwalta a riƙe hannun dama tare da motoci, a sa hular kwano da riga mai haske, kada a bi hannun da ba nasa ba da sunan ana son ganin abin da ke tahowa.

Sai an nemi izini kafin a bi ta ƙauye ko gona?

Turbar da jama'a ke bi ba ta buƙatar takarda, amma tana buƙatar sallama. Mutum uku sanye da matsattsun kaya da baƙin tabarau da hular kwano, suna tsayawa suna ɗaukar hoto a bayan gari, dole su jawo zargi a zamanin da kowa ke ɗar-ɗar, kuma 'yan banga ba su yi laifi ba idan sun tare su. Maganin abin shi ne a tsaya a majalisar farko, a sauka daga kan keke, a cire tabarau, a gaida dattawa, a faɗi daga inda aka fito da inda za a. Idan hanya ce da ake son a riƙa bi a kai a kai, a je a gaida mai unguwa ko dagaci sau ɗaya, daga nan an zama sanannu, har a ji yara na cewa ga masu keken nan sun dawo. A sa dogon wando ko a ɗora wani a kan na wasanni kafin a shiga gari. Kada a ɗauki hoton mata ko cikin gida ba da yardar masu shi ba.

Gona kuwa ba a ratsa ta idan akwai shuka, ko da taswira ta nuna layi a wurin. Burtali hanyar shanu ce, kuma idan aka yi kiciɓis da garke, a tsaya a gefe a bar su su wuce, kada a kaɗa ƙararrawa a tsakiyarsu, a kuma yi hattara da karnukan makiyaya, waɗanda gudu ke ƙara tunzura su.

Me za a ɗauka saboda ƙaya?

Tub guda biyu, da famfo, da faci da sholisho, da ƙaramar sifana. Na koyi wannan ne wata ranar Disamba da na bar tsakiyar turba na ratsa ta gefen wata saura don in kauce wa yashi, na fito da tsidau sun yi wa tayoyina biyu ado kamar an yayyafa musu riɗi. Huda bakwai mai faci ya ƙirga a ƙafar baya kaɗai, bayan na tura keken fiye da awa guda kafin in same shi. Tsidau da kashin yawo suna kwance ne a gefen hanya inda ƙafa ba ta takawa, ƙayar bagaruwa da ta aduwa kuma a ƙarƙashin bishiyar da mutum zai so ya huta, saboda haka a riƙe tsakiyar turba inda sawu ya share, a kuma ɗaga keke a hannu idan za a shiga inuwa. Kafin a mayar da sabon tub, a shafa cikin taya da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta yi hudar farko sau da yawa tana nan a maƙale. Ruwan sha kuma kada ya gaza lita ɗaya ga kowace awa idan da zafi, tare da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli da kuɗi a hannu, tunda ba kowane ƙauye ake samun mai POS ba.

Keken da nake da shi zai yi, ko sai na sayi na musamman?

Zai yi. Tsohon Phoenix marar giya yana bin waɗannan turbobin da buhun masara a bayansa. Wanda zai saya sabo ko na gwanjo ya fifita taya mai faɗi, kamar inci biyu, a kan yawan giya ko kyan fenti, domin siririyar tayar keken tsere ba ta da abin yi a kan yashi.

Mata da yara fa?

Ga yara, fili mai shinge ya fi: harabar makaranta a ranar hutu, ko rukunin gidaje mai ƙofa, ko filin unguwa da sassafe, tare da babba a kusa. Mata da dama sun fi sakewa a irin waɗannan wurare ko a cikin ayarin 'yan uwa, kuma abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne tufafi, domin gefen hijabi ko doguwar riga na iya shiga cikin sarƙa ko wayoyin ƙafar baya ya kayar da mutum. Keke mai murfin sarƙa da wando a ƙarƙashin riga suna magance yawancin wannan.

Idan an sami sabuwar hanya, yaya ake gwada ta a karon farko?

A je a dawo ta hanya ɗaya, kada a fara da zagaye, saboda mai zagaye bai san abin da ke gabansa ba har sai ya ƙure, amma mai komawa ta inda ya fito ya riga ya ga kowane rami. A kan turbar ƙasa mai hawa a natse yakan yi kilomita 10 zuwa 15 a awa, don haka kilomita takwas zuwa da takwas dawowa sun isa ranar farko. A ƙayyade lokacin juyawa tun daga gida, a kuma juya idan ya yi ko da ba a kai inda aka nufa ba. A kunna manhaja ta adana sawun tafiyar, sannan a rubuta abin da taswira ba ta nunawa: inda rijiyar burtsatse take, inda mai faci yake zama, inda sabis ke ɗaukewa, da sunan ƙauyen da aka gaisa da mai unguwarsa. A kowace mararraba a waiwaya a ga yadda take daga ɗaya ɓangaren, domin kukar da ke hannun dama a tafiya za ta koma hagu a dawowa, kuma da rana tsaka turbobi uku da suka rabu a gindinta duk kama ɗaya suke yi.